Gangara: jiya daji, yau gona, gobe ta wa?

A kudu maso gabashin jahar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, ƙasar Gangara ta canza kama sau da dama cikin shekara 200. An ga zamanin da daji ya cinye garuruwa, an ga zamanin da gatari ya cinye dajin, an kuma ga itatuwa sun dawo cikin gonaki bayan an fid da rai da su. Tarihin wannan yanki yana nuna cewa mutum yana tattalin wurin da ya tabbata nasa ne. A yau kuwa gonaki na ƙanƙancewa, masu saye na ƙaruwa, kuma wannan tabbaci ne ke neman kuɓuce wa talaka.

Gida ɗaya, gunduma uku

Mutumin da aka haifa a ƙasar Gangara a shekarar 1960, in Allah ya yi masa tsawon rai, ya zauna ƙarƙashin gundumomi uku ba tare da ya ɗaga daga ƙofar gidan mahaifinsa ba. Yana yaro, Tasawa ake kai lanhon garinsu. A 1972 aka yanke gundumar Agye daga ta Tasawa, kanton Gangara ya koma ƙarƙashin Agye. Dokar 2002 ta kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin Nijar, Gangara na cikinsu, aka kuma zaɓi kansilolinta na farko a watan Yulin 2004. A 2011, lokacin da yawan gundumomin ƙasa ya tashi daga 36 zuwa 63, Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ta haɗa ƙananan hukumomi biyu, wato Gazawa da Gangara. A watan Afrilun 2024 kuma mahukuntan soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi a madadinsu.

Ma'aikacin da ya taɓa neman tsohuwar takardar haihuwa ko ta shari'ar gona daga wannan yanki ya san wahalar da ke ciki: uba Tasawa, ɗa Agye, jika Gazawa, alhali duk a zaure guda aka raɗa musu suna. Ga shi kuma akwai wata Gangara a gundumar Tanut ta jahar Damagaram, abin da kan rikita wanda bai san ƙasar ba. To amma canjin da ke rubuce a takardun bariki shi ne mafi sauƙi. Wanda ya fi shi nauyi yana cikin ƙasar kanta, cikin gona da icce da burtali.

Dajin da Abdul Karim ya ratsa

A watan Janairun 1851, matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen wannan nahiya suka sani da Abdul Karim, ya taso daga Tasawa ya yada zango a Gazawa, a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya tarar da Gazawa gari ne babba, kewaye da kafi mai ƙarfi da rami mai zurfi. Daga nan zuwa Katsina ayarinsu ya ratsa daji mai duhu, inda matafiya ba sa sakin jiki saboda mahara, ya kuma wuce ta kufan Ɗankama, garin da yaƙi ya tashe shi. Ƙasar da ƙaramar hukumar Gangara take a yau tana cikin wannan tsakani ne, tsakanin Gazawa da ƙasar Katsina.

Dajin nan yaƙi ne ya shuka shi. Bayan jihadin da ya soma a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, a 1836 kuma Gobirawa suka kafa Tsibiri. Tun daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari bai yanke ba tsakanin Maraɗi da Katsina. Wanda ke son kwana da rai sai ya matsa cikin gari mai kafi, ya yi noma kusa da ƙofa. Gonakin da aka gudu aka bari suka koma ƙungurmin daji, namun daji suka gaje su.

Zuwan Turawa ya kawo nasa bala'in, domin a ƙasar Tasawa ne ayarin Voulet da Chanoine ya ƙare a watan Yulin 1899, bayan ya ƙone garuruwa ya kashe bayin Allah ba adadi. Daga baya Faransa da Ingila suka raba ƙasar da yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Da hari ya kwanta, sai mutane suka fito daga kafi suka fantsama cikin daji. Maharba ne kan yi gaba, manoma su biyo su. Wanda ya fara sa gatari ya gina rijiya, shi ke da wurin, da sunansa kuma ake kiran garin. Shi ya sa taswirar jahar Maraɗi ta cika da Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane.

A wancan zamani daji abin tsoro ne kuma abin girmamawa. Masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin al'adun ƙasar Maraɗi, ya yi bayanin bikin buɗin daji, wanda sai an yi shi kafin a shiga farauta, da kuma bikin dubu, na manomin da ya tara damin hatsi 1.000. Ƙasa a lokacin ba ta da farashi. Abin da ake nema shi ne hannuwan da za su nome ta, kuma baƙon da ya zo neman gona, da murna ake nuna masa inda zai sara.

Zamanin gujiya

Lanho ne ya fara canza wannan zama. Turawa sun ce da kuɗi za a biya, kuɗi kuwa sai an sayar da wani abu. Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gujiya ta samu hanyar zuwa bakin teku, kuma daga shekarun 1930 mahukuntan Faransa suka matsa wa manoman kudancin Nijar su noma ta. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, ƴan baranda suka bazu kasuwannin ƙauye da buhuna da sikeli. Da yawa daga manyan ƴan kasuwar Maraɗi a nan suka samo jarinsu na farko, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin ya riƙe cinikin gujiya. A tsakiyar shekarun 1960, gujiya ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga abin da take fitarwa waje. Kowane magidanci yana son gonar hatsi ta ci, da gonar gujiya ta lanho da aure da tufafi. Gatari bai huta ba. Malaman gona na lokacin kuma suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda aka tumɓuke kututturanta domin garmar shanu ta wuce ba tangarɗa.

Sai dai kash, abin bai ɗore ba. Farin da ya soma a ƙarshen shekarun 1960 ya yi tsanani a 1973 da 1974, a 1975 kuma darɓa ta faɗa wa gujiya da cutar da take yaɗawa. Hankalin gwamnati ya riga ya koma ga ƙarfen uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971. Gujiya ta tafi, ta bar ƙasa tsirara. Dattawan yankin na tuna yadda iskar farkon damana ke turbuɗe shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau uku ko huɗu a shekara guda. Mata na yin tafiya mai nisa neman iccen girki, in an rasa a ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Iccen gwamnati a gonar talaka

Mai karatu na iya tambaya: mutanen da suka san amfanin gawo da kalgo tun kaka da kakanni, me ya hana su barin icce a gona? Amsar tana cikin doka. Dokar gandun daji ta 4 ga Yulin 1935, wadda Faransa ta shimfiɗa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, ta sa daji a hannun hukuma. Tun zamanin Turawa aka keɓe dazuzzuka irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a ƙasar Agye. Dokar Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu, ta jera itatuwan da ba a taɓa su sai da izini, gawo na cikinsu.

Niyyar dokar ita ce kare icce, amma ga yadda ta kasance a ƙauye. Manomi ya bar gawo ya girma a gonarsa, ranar da ya sare reshe domin awakinsa sai ya haɗu da tara daga ma'aikacin gandun daji. Wani baƙo kuwa, in yana riƙe da takardar izini daga bariki, yana iya shiga gonar ya sare iccen, mai gona na kallo. Icce ya zama abin jawo fitina. Dabarar da ta rage wa manomi ita ce ya kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya kai girman da idon hukuma zai gan shi.

Gwamnati ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, aka kashe kuɗi mai yawa a kan gandayen renon icce da tallafin ƙasashen waje. Mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba, domin babu mai ba shi ruwa, babu mai kare shi daga awaki, tunda ba na kowa ba ne. A watan Mayun 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da gurgusowar hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. A wannan shekarar ce damana ta ƙi, ga shi Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, abin da ya sa mutanen ƙasar Hausa ta Nijar suka raɗa wa yunwar suna El Buhari.

Kututture ya tashi

Maganin ashe yana ƙarƙashin ƙafa. Itatuwan da aka sare ba su mutu ba, saiwoyinsu na nan da rai a cikin ƙasa, kowace shekara suna fitar da tofo, kowace shekara kuma manomi na share shi lokacin sassabe. A 1983, Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da haka, ya fara jan hankalin manoma su daina sharewa duka. Aikin ba ya bukatar kuɗi. A kowane kututture manomi zai zaɓi tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse rassansu na ƙasa, ya sare sauran, ya bar waɗanda ya zaɓa su miƙe. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin ƴan shekaru tsiron kan zama icce. Wannan shi ne abin da aka sani da sassaben zamani.

A lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon cimaka a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa sun sare abin da suka bari. Waɗanda suka yi haƙuri kuwa suka ga bambanci: iska ta rage ɓarna, ganyen da ke zuba ya gyara jigawa, ga iccen girki a kusa, ga abin sayarwa a kasuwa. Gani ya kori ji. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, abin ya yaɗu, har inda wani ma'aikaci bai taɓa sa ƙafa ba. Dama dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman ƙasar Hausa, tsoron tara ne ya sa aka yi watsi da ita.

A ƙasar Agye, wadda Gangara ke cikinta a lokacin, ayyukan raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa sun ƙarfafa wannan hanya. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna saboda kwamitin da mazauna suka kafa, maza da mata da makiyaya, domin tsaron itatuwa da hukunta mai saran sata. Wasu abubuwa biyu sun taimaka. Ruwan sama ya ɗan gyaru daga shekarun 1990, sannan talaucin da ya kama baitulmalin gwamnati a waɗannan shekaru ya rage yawon ma'aikatan gandun daji a ƙauyuka, manomi ya fara jin cewa iccen gonarsa nasa ne. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka zo suka ƙara masa ƙwarin gwiwa.

Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, tare da malaman jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sun gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000. Ƙiyasinsu ya nuna cewa a kudancin Nijar, musamman jahohin Maraɗi da Damagaram, kimanin hekta miliyan 5 na gonaki sun sake samun itatuwa, wajen icce miliyan 200, kuma ba dasa su aka yi ba. A 2018 aka ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

Wanda ya bi babbar hanya daga Cadawa zuwa Agye da Gazawa da rani zai ga shaidar abin da idonsa. Ga sabara da kalgo, ga aduwa da magarya, ga kuma gawo, sarkin itatuwan gona, wanda ke zubar da ganyensa da damana ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da ƴaƴansa. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa da Tasawa da Mayahi, goriba da kabarta na ciyar da masu saƙar tabarma da igiya.

Gona ta yi kaɗan

Icce ya dawo, amma ƙasa ba ta ƙaru ba. Ƙidayar 1988 ta ba jahar Maraɗi mutum kusan miliyan 1,4. Ta 2001 ta ba ta miliyan 2,2, ta 2012 kuma miliyan 3,4. A kudancin Agye da Gazawa, mutanen da ke zaune a kowace murabba'in kilomita sun haura 100, alhali a 2012 matsakaicin ƙasar Nijar bai kai 14 ba. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekaru, ta zama labari. Gandun da kaka ya noma da ƴaƴansa, jikoki sun raba shi, kowa ya samu abin da ba zai ciyar da gidansa wata shida ba.

Mata ne suka fara ji a jikinsu. A al'adar yankin, mai gida kan yanka wa matarsa gamana, ƴar gonar da take noma wa kanta domin ciyar da yara da rani da hidimar biki. A 2004 Marthe Diarra Doka da Marie Monimart suka wallafa bincikensu a kan kudancin Maraɗi, inda suka nuna cewa ƙarancin ƙasa na fitar da mata daga noma, har wasu magidanta na fakewa da kulle saboda ba su da gonar da za su ba matansu. Wannan ne kuma ya sa mata da yawa suka fara neman rabonsu na gado kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada, abin da a da sukan bar wa ƴan'uwansu maza.

Shekarar 2005 ta tona asirin lamarin. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta yi ɓarna a wasu wurare, hatsi ya yi tsada a Najeriya, buhuna suka bi kuɗi suka yi kudu. Kasuwannin Maraɗi cike da hatsi, amma talaka ba shi da abin saye. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jahar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Gidajen da ke da itatuwa sun samu abin sayarwa, icce da ganye da abincin dabbobi. Waɗanda ba su da komai sai gona, gonar suka jinginar.

A nan maganar ta shafi ƴan kasuwa da ma'aikata kai tsaye, domin su ne masu kuɗi a hannu lokacin da manomi ke cikin ƙunci. Jingina kan soma da buhu biyu ko uku, shekara ta kewayo ba a fansa ba, a ƙara kuɗi, daga ƙarshe ta zama saye. Noman aya da riɗi da wake, masu kasuwa a Najeriya da ƙetare, ya sa gonakin Agye da Gazawa sun yi daraja a idon mai jari. Babu laifi ga ciniki in an yi shi da yardar juna da shaidu. Amma wanda ya sayar da gonarsa yakan koma ɗan ƙwadago a cikinta, ko ya bi sahun samarin da ke tafiya Kano da Legas da Libiya, ko wuraren haƙar zinariya irin na Jado da aka gano a 2014. Wanda kuwa ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya renon icce, domin bai san ko shi zai ci amfaninsa ba, mai gonar ma ba zai so ba, tunda icce kan zama hujjar mallaka ranar shari'a.

Burtali da iyaka

Akwai wani mai haƙƙi a wannan ƙasa wanda ba a cika tunawa da shi ba sai rigima ta tashi, shi ne makiyayi. A da Bafillace da manomi suna da alkawari: bayan girbi shanu su kwana a gona su ci kara, su bar taki, a ba makiyayi hatsi. Yau kara da harawa kuɗi ne, manomi na kwashe su ya ɗaure a kan icce, shi ma yana da nasa dabbobin. Makiyaya sun shige cikin gonaki, burtali ya matse. Mutanen jahar ba su manta da Toda ba, a gundumar Gidan Rumji, inda a ƙarshen Oktoban 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani, a kan rikicin gona da kiwo. Hukumomin kula da filaye da kundin 1993 ya kafa a gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, da shata burtali da turaku, da sa ranar sakin gonaki kowace shekara, da dokar kiwo ta 2010, duk domin kada a sake ganin irin wannan rana ne.

Iyaka ma ta canza ma'ana. Ga mutanen Gangara, ƙasar Katsina dangi ne da surukai da kasuwa, naira na yawo a aljihu tare da sefa. Amma an rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Kowace rufewa tana taɓa farashin tiyar hatsi da na akuya. Tun 2019 kuma ƴan bindigar da suka addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina suka koro dubban mutane zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Dajin kan iyaka, wanda kakanni suka ji tsoronsa a zamanin Abdul Karim, ya sake zama wurin da ba a shiga da dare a yammacin jahar. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021, in ta kammala, za ta ƙara wa ƙasar yankin daraja, ta kuma ƙara mata masu zawarci.

Wa zai gaji gawon?

Abin da ya mai da itatuwa gonakin Agye da Gazawa shi ne manomi ya tabbata cewa abin da ya rena, shi da ƴaƴansa za su mora. Wannan tabbaci yana da wuyar samu, yana da sauƙin ɓacewa. Dokar 1935 ta ɗauke shi, ƙasa ta yi tsirara. Ya dawo a shekarun 1980 da 1990, ƙasa ta yi riga. Yanzu abin da ke barazana gare shi shi ne rabon gado da jingina da cinikin da ba a rubuta ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai sayi gona a ƙauye, ya kamata ya tabbata dukan magada sun yarda, har da mata, ya kuma rubuta cinikin a gaban hukumar filaye ta ƙauyen, ba a bakin shago ba. In jingina ce, a rubuta kuɗin da wa'adin fansa, a kuma faɗi wanda ke da itatuwan da ke ciki. In ya kawo tarakta, ya tuna cewa tumɓuke kututture shi ne kuskuren da aka yi a zamanin gujiya. Ma'aikacin gandun daji da ya ci tarar manomi a kan reshen iccen da manomin ya rena da hannunsa, yana rushe aikin shekara 40. Hukumomin filaye kuwa ba za su yi aiki ba in babu rajista da abin hawa da kuɗin zuwa auna gona, kuma wannan nauyi yana wuyan kantomomi da shugabannin gundumomi.

Gawo na ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwar da za a zauna ƙarƙashinta. Manomin Gangara da ya bar tsironsa a sassaben bana yana yi ne domin ɗan da bai kai riƙon hauya ba tukuna. Haƙƙi ne a kan masu kuɗi da masu hatimi su bar wa wannan yaro gonar da iccen ke tsaye a cikinta.